BINDIGAR FARKO: ABIN DA ZA KA SANI KAFIN KA SAYAR DA AKUYA KA SAYA



Idan kaka ta yi, an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, an saki gonaki bisashe sun shiga kara, sai hannun samari ya sami sarari. A lokacin ne maganar farauta take tasowa. Sau da yawa in mun fita allurar rigakafi, magidanci yakan ja ni gefe ya ce, "Likita, yaron nan ya matsa mini sai na saya masa bindiga. Wace iri ce mai sauƙin kuɗi?" Wani lokaci kuma saurayin ne da kansa, ya riga ya ware tunkiyar da zai kai kasuwa.

Wani zai ce ina ruwan ma'aikatar kiwo da bindiga. Ruwanmu uku ne. Na ɗaya, kuɗin bindigar daga cikin garke suke fita. Na biyu, harsashin da ya kuskure zomo sau da yawa a jikin bisa yake sauka, kuma mu ake kira. Na uku, naman daji yana iya shigo da cuta cikin gida da cikin garke. Don haka ka saurara, ko kai ne mai saye ko ɗanka za ka saya wa.

1. DA FARKO, ME ZA KA HARBA?

Ba a zaɓen bindiga sai an san abin da za a harba da ita. Saurayi in ya ce bindiga, barewa yake gani a ransa, domin labarinta ya ji wurin kakansa. To, ka tambayi tsofaffin maharban garinku yaushe rabonsu da ganin garken barewa tsakanin Bande da Waca, ko tsakanin Dogo-Dogo da Malawa. Dajin da ta zauna ya zama gona. Ƙasar Magarya da Dungas tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a duk faɗin Nijar, gona na jingine da gona, burtali ma da ƙyar yake samun wuri.

Ba a nan kaɗai aka yi wannan rashi ba. Mariri, wanda a da yake yawo a dajin arewa garke-garke, a shekarar 2000 aka ba da sanarwar ya ƙare ƙaf a daji. Sai a 2016 aka ɗauko waɗanda aka kiwata a tsare aka sake su a ƙasar Cadi. A jiharmu ta Damagaram, a 2012 gwamnati ta keɓe dajin Tarmit da Tin-Tumma domin ceton ɗan abin da ya rage na namun sahara.

Abin da ya saura a wajenmu ƙananan namu ne: zomo, zabon daji, fakara, kurciya, hasbiya, sai tsuntsayen ruwa irin su kirinjijiya da ɗinya a tafkunan Korama, wajen Waca da Guci. Duk wanda zai sayi bindiga a ƙasar nan, waɗannan zai yi wa lissafi.

2. TAKARDA KAFIN ƘARFE

Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardu iri biyu ne, kuma ɗaya ba ta tsaya wa ɗaya.

Ta farko ita ce izinin saye da riƙe bindiga. Wannan yana hannun ma'aikatar cikin gida. Ka fara daga ofishin kantoma ko wurin jandarma, su za su faɗa maka takardun da za ka haɗa. Izinin na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya mai lamba. Ba ya bin bindiga in an sayar da ita, kuma ba a gadonsa kamar yadda ake gadon saniya. Idan mahaifinka ya rasu ya bar bindiga, sai ka je an gyara takarda da sunanka. Tun 1994 ƙasar nan take da hukumar tattara makaman da ake riƙe da su ba bisa doka ba, kuma kowa ya san yadda maganar makami ta yi zafi a bakin iyaka. Bindigar da ka saya a ɓoye a wata kasuwa ta tsallake, ko ka karɓa hannun wanda ba ka san inda ya samo ta ba, tana iya kai ka gidan kaso, kuma ba ka san abin da aka aikata da ita kafin ta zo hannunka ba.

Ta biyu ita ce takardar farauta, wadda ma'aikatan gandun daji suke bayarwa. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta ce ba mai yin farauta sai da izini. Ta kasa izinin iri-iri, har da na farautar gargajiya. Ta kuma hana waɗannan abubuwa:

- farauta a lokacin da hukuma ba ta buɗe ba;
- farautar dare, da fitila ko ba fitila;
- bin nama a kan mota ko babur;
- kora da wuta, da raga, da rami;
- sa guba, da ɗana bindiga a hanya, da amfani da makamin yaƙi.

Akwai namun da aka hana taɓawa sam, kamar raƙumin dawa da jimina da mariri. Barewa ma iri-iri ce, kuma doka tana kare ta: wata an hana gaba ɗaya, wata sai da sharaɗi. Ranar buɗe farauta da ranar rufewa da kuɗin takarda, hukuma ce take sanarwa. Ka taka ka je ofishin gandun daji na Magarya ko na Dungas ka ji daga bakinsu kafin ka ɗaura wa akuya igiya.

3. BINDIGA IRI UKU

(a) Bindigar toka da ƙirar gida. Ita ce mafi araha, ita kuma kowa ya saba gani a kafaɗar maharba. Ana ɗura mata albarushi ta baki. Matsalarta hancinta. Yawancin na yanzu da bututun ruwa ko wani ƙarfen mota ake yin su, ƙarfen da ba a ƙera shi don ya ɗauki fashewar albarushi ba, ba kuma wanda ya gwada ƙarfinsa. Yana iya yin harbi ɗari lafiya, na ɗari da ɗaya ya tsage a daidai inda hannun hagu yake riƙe. Na taɓa zuwa wata ruga duba maraƙi na tarar da saurayi da hannu a naɗe, yatsu biyu sun tafi. Ya fasa harsashin kanti ne ya juye garinsa cikin bindigar toka. Garin harsashin kanti ya fi albarushin gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba a haɗa su. Yaron nan da shi ake tatsa, da shi ake jan guga. Yanzu sai an nemo wani. Araha ba ta ado. Ka kuma sani, kasancewarta ƙirar gida bai fitar da ita daga hannun doka ba.

(b) Bindiga mai harsashi ɗaya mai nisan zango. Ita ce wadda maharban Amurka da Turai suke harbin manyan namun dajinsu da ita, wani lokaci ka ga an ɗora mata madubin hange. A cikin hancinta akwai zane mai murɗawa wanda yake juya harsashi ya tafi saitin. Ko ƙaramar cikinsu harsashinta yana wuce kilomita ɗaya da rabi in bai sami abin da ya tare shi ba, manyan kuwa suna kai kilomita 3 har fiye. To, ka tsaya a kowace gona tsakanin Tsatsumburum da Dungas ka duba gabanka. Cikin kilomita 3 akwai ƙauye, akwai rijiya, akwai mata masu itace, akwai yaro da awaki a bayan geza. Ga tsada, ga wuyar harsashi, ga wuyar takarda, ga shi ba naman da ya kai a harbe shi da ita. Ba ta dace da ƙasarmu ba, balle da sabon hannu.

(c) Bindigar kanti mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a sa harsashi ta baya. Cikin hancinta sumul yake, harsashinta kuma cike yake da ƙananan ƙwayoyin dalma masu bazuwa. Tana kashewa daga taki 30 zuwa 40. Ƙananan ƙwayoyin suna faɗuwa ƙasa cikin mita 200 zuwa 300. An san irin ta Faransa mai suna Simplex, wadda aka ƙera a garin Saint-Étienne, da ta Rasha mai suna Baikal, yanzu kuma akwai na Turkiyya. Kayan cikinta kaɗan ne, saboda haka ba ta yawan lalacewa. In an karya ta kowa yana gani da idonsa ko akwai harsashi ko babu. Harbi ɗaya take yi, wannan kuwa yana koya wa yaro ya natsu ya auna kafin ya taɓa kunama.

Idan har za a saya, ta ukun nan ce bindigar farko. Mai baki biyu ta fi kuɗi, ta fi nauyi, ba ta kuma ƙara wa mai koyo kome sai ɓarnar harsashi.

4. YADDA ZA KA DUBA TA KAFIN KA BIYA

Ba ka sayen sa sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙora, ka sa an ja shi ka ga tafiyarsa. Haka za ka yi wa bindiga, musamman wadda ta taɓa shiga hannu. Ka tafi da tsohon maharbi amintacce. Kafin kome, a karya ta a tabbatar ba harsashi a ciki.

- Lamba: ka duba lambar da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takarda. In an goge lamba ko an sake buga ta, ka bar ta nan.
- Hatimi: bindigar kanti ta gaskiya tana da ƙananan hatimai a gindin hanci, alamar an gwada ƙarfinta kafin a fitar da ita. A nan ne kuma ake rubuta girman baki da tsawon harsashin da take ci.
- Cikin hanci: ka ɗaga ta wajen haske ka leƙa ta baya. Ya kamata ya yi ƙyalli. Ramukan tsatsa, ko wani zobe mai duhu, alamar rauni ne.
- Bayan hanci: ka shafa da yatsu daga gindi har baki. In ka ji kumburi ko lotsawa, ko ka ga wurin da aka yi walda, kada ka saya ko da kyauta ce.
- Maƙulli: ka rufe ta ka girgiza. In hanci yana motsi a jikin ƙota, ta sassauta.
- Kunama: ba harsashi, ka ɗana ta, ka bugi gindin ƙota da tafin hannu. In ta tashi da kanta, wata rana za ta tashi a kan jaki ko a cikin ɗaki.
- Ƙota: ka nemi tsaga a itace, musamman inda ya haɗu da ƙarfe. Wadda aka naɗe da waya ko roba, akwai abin da ake ɓoyewa.
- Dacewa: mai bindigar ya ɗora ta a kafaɗa. In sai ya miƙe wuya ko hannunsa bai kai kunama da sauƙi ba, ta yi masa tsawo.

5. HARSASHI

Bindigar da ba ka samun harsashinta sanda ce mai tsada. Mai lamba 12, wadda faɗin bakinta ya kai wajen milimita 18 da rabi, ita ta fi yawa a ƙasashenmu, harsashinta ya fi sauƙin samu wurin masu izinin sayarwa. Akwai mai lamba 16 da mai lamba 20, bakinsu ya fi ƙanƙanta. Mai lamba 20 ba ta dukan kafaɗa sosai, amma ka fara tabbatar za ka riƙa samun abincinta.

Abu uku za ka riƙe.

Na ɗaya, kada a haɗa harsashi mai lamba 20 da mai lamba 12 cikin jaka ɗaya. Ƙaramin yana zurmawa cikin hancin babbar bindiga ya maƙale ba a gani. In aka sa wani a bayansa aka harba, hancin zai fashe.

Na biyu, tsawo. Akwai harsashi mai milimita 70, akwai mai 76. Bindigar da aka rubuta wa 70 ba a sa mata mai 76, ko da ya shiga ta rufu.

Na uku, lambar ƙwaya. In lamba ta yi sama, ƙwaya ta yi ƙanƙanta. Lamba 4 zuwa 6 don zomo da zabo da agwagwar ruwa. Lamba 7 ko 8 don kurciya da hasbiya. Manyan ƙwayoyi irin na babban nama suna tafiya nesa, ba abin da mai koyo zai yi da su.

Harsashin da ya jiƙe, ko ya kumbura, ko gindinsa ya yi tsatsa, a rabu da shi. In ka taɓa kunama ba ta tashi ba, ka bar bakin yana kallon wuri mai aminci, ka ƙirga har 30 a hankali, sannan ka karya.

6. LISSAFI DA AWAKI

Kuɗin da mai sayarwa ya faɗa maka kashi ɗaya ne kawai. Ka zauna ka haɗa duka: kuɗin bindiga, kuɗin takardar riƙewa da zirga-zirgar nemanta, kuɗin takardar farauta, akwatin harsashi, mai da tsumman gogewa, da akwati mai kwaɗo na ajiya. Akwatin harsashi guda 25 yake ɗauka, kuma mai koyo zai ƙare na farko bai kawo abin kirki gida ba. Sai ka raba kuɗin akwati gida 25, ka gwada kuɗin harsashi ɗaya da kuɗin zabo ɗaya a kasuwar garinku. In harsashi uku ne suke kawo zabo ɗaya, ka san a nawa naman ya tsaya maka.

Sannan ka dubi abin da za ka sayar. Akuya tana ɗaukar ciki wata 5. In tana samun abinci tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu, jar akuya kuwa sau da yawa tagwaye take zubawa. Wanda ya sayar da uwar garke biyu ya sayi bindiga, ya sayar da ƴaƴansu da jikokinsu da nonon da yara za su sha. Bindiga kuwa ba ta haihuwa, kullum sai dai ta ci.

Don haka:

- kada a sayar da mace mai haihuwa, ko san noma, ko jakin ɗaukar ruwa saboda bindiga;
- in za a fitar, a fitar da bunsuru ko rago da ya yi yawa a garke, ko tsohuwar da ta daina haihuwa;
- kada a ci bashi, kada a taɓa hatsin rumbu;
- a fara ajiye kuɗin dusa da harawa da maganin tsutsa na bazara. In akwai saura, sannan a yi maganar bindiga.

In lissafi bai fita ba, ba abin kunya ba ne a haƙura bana. Kuɗin nan in aka zuba su cikin zabin gida, aka yi wa kaji rigakafi kafin sanyi, naman da za a ci ya fi wanda bindiga za ta kawo.

7. KOYO DA AJIYA

Maharba suna da sarkinsu da ladubbansu. Sabon hannu ya bi babba tukuna, ya yi kaka guda yana ɗaukar jaka yana kallo. Gwajin farko a yi shi a gindin tudun rairayi, nesa da gari da burtali, a kafa kwali a taki 30 a harba, a je a ga yadda ƙwayoyi suka bazu. A toshe kunne, domin ƙarar bindiga tana rage ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Waɗannan dokoki a haddace su kamar karatun allo:

- Kowace bindiga a ɗauka akwai harsashi a cikinta.
- Ba a nuna bakinta ga mutum ko bisa, ko da wasa.
- Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai lokacin harbi.
- Ba a harbin motsi. Sai ka ga naman da idonka, ka kuma ga abin da ke bayansa. Na sha ciro ƙwayoyin dalma daga cinyar jaki da nonon akuya, kuma kowane mai harbin cewa yake ya zaci zomo ne.
- In za ka tsallake shinge, ko hawa jaki ko amalanke ko babur, ko shiga gari, ka karya ta ka cire harsashi.
- In ta faɗi a rairayi ko laka, ka cire harsashi ka leƙa hanci. Ɗan toshewa kaɗan ya isa ya fasa shi.
- Ba a harbi a kan ruwa in akwai mutane ko shanu a ɗaya gefen tafki, domin ƙwaya tana tsalle a kan ruwa.

A gida, bindiga wuri ɗaya, harsashi wani wuri, kowanne a kulle, mabuɗi a jikinka. Rataye ta a bango ko tura ta ƙarƙashin gado bai isa ba, yara sun fi ka sanin ɗakinka. Ba a ba da aronta.

Abu ɗaya kuma da babbar murya: bindigar farauta ba ta zuwa wurin rigimar ɓarnar gona, ba ta zuwa bakin rijiya, ba ta bin garke zuwa mashekari. Ranar da rai ya ɓaci, sanda tana barin wurin sulhu, bindiga ba ta bari. Maganar gona da burtali tana da masu ita: mai gari, hakimi, arɗo, da kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa.

8. NAMAN DAJI DA LAFIYAR GARKE

Nan ne aikinmu ya fi shiga.

Murar tsuntsaye. Mutanen Magarya ba su manta da watan Fabrairu na 2006 ba, lokacin da aka fara tabbatar da wannan cuta a Nijar, a nan garin, aka karkashe kaji da agwagi. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna iya ɗauke da ita ba tare da sun nuna alama ba. In ka harbo kirinjijiya ko ɗinya, ka fige ta can nesa da gida, ka binne gashi da kayan ciki, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa kajinka, a kuma dafa naman ya nuna sosai. In ka ga tsuntsaye sun mutu da yawa a bakin tafki, kada ka ɗauka, ka sanar da mu.

Saifa. Duk naman da ka tarar a mace, ko yana tangaɗi ba harbinka ba, ka bar shi. In ka ga baƙin jini wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe, kada a ja fatar. Ƙwayar cutar tana zama cikin ƙasa shekaru da yawa, ta kama shanu, ta kama mutum.

Haukan kare. Dila ko yanyawa da ta daina tsoron mutum, ta shigo gari da rana, abin zargi ce. Karen farauta a yi masa allura tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi asibiti ran nan. In alamun cutar suka bayyana, ba ta da magani.

Tsutsa. Kada a jefa wa kare ɗanyen kayan ciki ko kan bisa. Daga nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke fita cikin kashinsa ya zuba a ciyawa. Tunkiya ta ci, sai ka ga tana juyawa wuri ɗaya, ko a yanka a tarar da ƙullutun ruwa a hanta da huhu.

Ɗan barewa. In an kawo maka na sayarwa, kada ka saya ka haɗa da awaki. Doka ta hana kamawa ba izini, kuma annobar ƙananan bisashe da muke yi wa rigakafi kowace shekara tana kama barewa kamar yadda take kama akuya.

Dalma. Guba ce. A yanke naman da ke kewaye da raunin, a tsince ƙwayoyin kafin a dafa, musamman in yara da mai ciki za su ci. Masu fasa tsohon batirin mota su narka dalma a tsakar gida, su daina. A jihar Zamfara ta Nijeriya, a 2010, ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Maraƙi ma in ya lashi fasasshen batir yana makancewa, ya yi ta cizon haƙora, ya mutu.

9. IN DILA CE TA DAME KA

Wasu ba nama suke nema ba, ƴan awakinsu ake ɗauka. Dila da dare take zuwa, harbin dare kuwa an hana, kuma a cikin duhu ne ake harbin kare ko maƙwabci. Guba ma an hana, domin tana kashe karnuka da ungulu, ungulu kuwa ita take share mana mushe. Abin da yake aiki shi ne shingen ƙaya mai kauri wanda ba shi da kafa a ƙasa, a shigar da ƙanana kafin magariba, a ajiye kare mai haushi wanda ya tashi tare da garke, a binne mahaifa da mushe nesa da turke. In ɓarnar ta yi yawa, a kai ƙara wurin ma'aikatan gandun daji, su ke da hurumin ɗaukar mataki.

A TAƘAICE

Ka fara zuwa wurin hukuma, sannan kasuwa. Ka bar ƙirar gida saboda hannunka, ka bar mai nisan zango saboda maƙwabtanka. In lissafi ya fita ba tare da an taɓa uwar garke ba, ka nemi ta kanti mai baki ɗaya, mai lamba da hatimi da takarda, ka duba ta kamar yadda kake duba sa, ka sa yaro ya bi babba kafin ya riƙe ta shi kaɗai.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali ko a bakin rijiya. Mai tambaya a kan cutar da ta shafi naman daji ko allurar kare, ya same mu a ofishin kiwo mafi kusa da shi, ko ya tare mu ranar rigakafi.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya ba mu rani mai sauƙi. Amin.